Abin da Ya Fitar da Masunci Tudu: Daga Ramukan Kwal zuwa Tafkin Madarunfa

 

A shekarar 1994, a jihar Bajiniya ta Yamma da ke ƙasar Amurka, ruwan da ya daɗe yana taruwa cikin wani ramin haƙar kwal ya fasa gefen dutse ya kwararo cikin wani rafi da ke zuba a Kogin Cit. Ruwan ja ne jawur, launin tsatsa. Ya rina duwatsun kogin har tsawon kilomita sama da ashirin, kifi ya mutu, masu shiga ruwa suka riƙa fitowa idanunsu na zafi. A wannan shekarar mazauna bakin kogin da masu tuƙa ƙananan jirage a cikinsa suka kafa ƙungiya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1995, suka zauna da hukumomin jiha da na tarayya, da ƙungiyoyin masu kishin ruwa, har da wani kamfanin kwal, aka sa hannu a yarjejeniyar gyaran kogin. Aikin ya ci shekara ashirin da ƴan kai. A 2018 aka buɗe babbar matatar ruwa a kan wancan rafi, kuma yau ana kama kifi a wuraren da dā ko ƙwaro ba ya rayuwa.

Mai sauraro a Madarunfa zai iya cewa, to ina ruwanmu? Ba a taɓa haƙa kwal a nan ba. Gaskiya ne. Amma ciwon da ya kama wancan kogi ɗan'uwan wanda ke cin tafkinmu ne, domin dukansu daga tudu suke gangarowa, daga hannun mutanen da wataƙila ba su taɓa jefa birgi ba.

Ga yadda ramin kwal yake kashe kogi. A jikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne a ƙarƙashin ƙasa, ba ya cutar da kowa. Da an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya riƙa fitar da asid, ruwan ya yi tsami, ya narkar da ƙarfe da sanholo daga cikin duwatsu. Idan wannan ruwa ya fito fili ya gamu da ruwan rafi, ƙarfen sai ya kwanta a ƙasa, ya lulluɓe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a cikinta, ya kashe ƙwarin da ƴaƴan kifi ke ci. Sanholon kuma ya liƙe a kafofin da kifi ke numfashi da su. Abin baƙin cikin shi ne, rufe rami ba ya tsayar da ɓarnar. Sau da yawa ma bayan an rufe ne take tsananta, domin an kashe injunan da ke zuƙe ruwa, ramin ya cika ya tumbatsa. Kamfani ya tattara ya tafi, ko ya karye, masu shi sun mutu, amma ramin yana nan yana zubar da guba shekara hamsin, shekara ɗari. A jihar Fensilbaniya kaɗai, rafukan da wannan ruwa ya lalata tsawonsu ya haura kilomita 8,000.

Masu kamun kifi na can ba irin namu ba ne, wannan kam a faɗe shi. Yawancinsu ma'aikata ne da ke fita da fatsa ranar hutu don nishaɗi, da yawansu ma in sun kama sai su mayar da kifin ruwa. Duk da haka su ne suka zama ƙashin bayan aikin gyara. Wata ƙungiyarsu mai suna Trout Unlimited, wadda aka kafa a 1959 a jihar Mishigan, ta shiga aikin ramukan kwal na Fensilbaniya a 1998, tare da mazauna yankin wani rafi da ake kira Ketil. Suka haƙa tafkuna ƙanana, suka shimfiɗa dutsen farar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ruwa mai tsami ya riƙa bi ta ciki yana sanyi kafin ya isa rafi. Bayan wasu shekaru kifin asalin wurin ya dawo da kansa, yana hayayyafa.

Me ya kai mai fatsa ga wannan wahala? Shi ne ya fara gani. Ma'aikacin hukuma yana zuwa ya ɗebi ruwa a kwalba ya koma ofis, shi kuwa mai kamun kifi yana bakin ruwa da asuba da almuru, ya san kwarin da ya daina ba da kifi, ya san shekarar da abin ya fara. Sannan ya gane da wuri cewa ba shi da ikon gyara shi kaɗai. Ramin yana cikin filin wani, dokar tana hannun hukuma, sanin dabarar yana jami'a, kuɗin kuma yana babban birni. In bai zauna da waɗannan duka ba, sai dai ya yi ta zuba ƴaƴan kifi suna mutuwa. Akwai kuma wani abu da ya ba shi bakin magana: tun 1950 dokar Amurka ta ɗora haraji a kan kayan kamun kifi, ana mayar da kuɗin ga gyaran ruwa, ga kuma kuɗin takardar izinin da yake biya duk shekara. Mutumin da kuɗinsa ke cikin asusu ba a hana shi kujera.

Babban kuɗin dai daga kwal ɗin ya fito. A 1977 shugaba Jimi Kata ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa duk mai haƙar kwal ya biya wani abu a kan kowane tan, a lokacin santi 35 in a fili ake haƙa, santi 15 in a ƙarƙashin ƙasa, a tara don gyaran ramukan da ba su da mai su. A 2021 majalisarsu ta ƙara dala biliyan 11.3 cikin asusun. Wannan adadi kansa shaida ne cewa gyara ya fi ɓarna tsada nesa ba kusa ba.

Ba sai an ƙetare teku ba. A Inugu, kudancin Najeriya, an gano kwal a 1909, haƙa ya kankama wajen 1916 lokacin da layin dogo ya haɗa garin da Fatakwal. Nan ne ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a kwarin Iba, cikin watan Nuwamba na 1949. Yau ramukan sun daɗe a rufe, amma masu bincike sun sha nuna cewa ruwa mai tsami daga ramin Onyeama yana shiga Kogin Ekulu, wanda mutanen gari ke amfani da shi. A nan Nijar, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙa kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, tashar lantarkinsa tana aiki tun 1981, tana ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta. Can hamada ce, ruwan sama kaɗan ne, babu masunta. Amma kwal ɗin Salkadamna da ake ta shirin haƙa a jihar Tawa yake, jihar da ke da noma da kiwo da tafkunan su irin na Tabalak. Ra'ayin wannan lacca shi ne, kafin a fasa ƙasa a can, a fara kafa asusun gyara, a rubuta ko nawa za a cire a kan kowane tan, a kuma bayyana wa jama'a. Amurka ta yi hakan ne bayan ta riga ta yi asarar dubban rafuka.

Yanzu a dawo gida.

Tafkin Madarunfa yana da tazarar kilomita ashirin da ƴan kai kudu da Maraɗi. Yana cikin tafkuna ƙalilan a wannan jiha da ke riƙe ruwa rani da damina. Gulbin Gabi ne ke shayar da shi, Gulbin Maraɗi kuma yana ƙara masa in ya yi babbar cika. A 2006 Nijar ta sa tafkin, da gandun dajinsa, da kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A watan Disamba na 2019 kuma aka shigar da shi cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 524. Waɗannan takardu daraja ce, kuma suna buɗe ƙofar neman tallafi. Sai dai takarda ba ta tare yashi.

Yashi shi ne jan ruwan Madarunfa. Duk gonar da aka share ƙal babu kututture, duk gangaren da aka sare itatuwansa aka kai kasuwa, duk burtalin da aka cinye har dabbobi suka taru a turba ɗaya suka murƙushe ƙasa, ruwan farko na damina yana kwasar rabonsa daga wurin. Ɗan zazzago ya zama kwazazzabo, kwazazzabo ya kai wa gulbi, gulbi ya kawo tafki. A cikin tafki ruwa ya tsaya, yashi da laka su kwanta. Ƙwaryar da aka zuba wa rairayi a gindi ba ta ɗaukar furar da ta saba ɗauka. A wannan yanki rana da iska suna shanye kusan mita biyu na ruwan da ke fili a shekara, har ma fiye. Saboda haka duk taƙi ɗaya da tafki ya rasa na zurfi, makonni ne aka rage daga ruwan bazara, lokacin da kifi ya fi buƙatar wurin fakewa daga zafi.

Masunci ya san sauran bayanin fiye da kowane littafi. Karfasa tana share gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi ta zuba ƙwai, in laka ta yi yawa gurbin ya lalace. Tarwaɗa tana jiran sabon ruwa ya hau kan ciyawar bakin tafki ta bi shi ta yi ƙwai a can, in cikar ba ta zo ba, ko ta zo ta janye da wuri, ƴaƴan shekarar sun tafi. Gaiwa ce kaɗai ke iya shiga laka ta jira wata damina, kuma ba da gaiwa kaɗai ake ciyar da gida ba.

Maganar cika ita ce ta kai mu Jibiya. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada. Ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Wannan ne gulbin da a 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi har aka tayar da shi zuwa tudu. Shekaru da dama bayan haka aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya, mai iya riƙe ruwa mita-kubik miliyan 142. Tun daga nan cikar gulbin ta canja, ruwan da ke malala a fadama ya ragu, manoman rani da masunta kuma suka ji a jikinsu. Ba a cewa mutanen Jibiya sun yi laifi don sun tare ruwan sha da na noma. Ƴan'uwa ne, Katsinawa a can Katsinawa a nan, kasuwa ɗaya ake ci, ana aurayya. Kuma hanyar zama tana nan a rubuce: ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, sannan a watan Yuli na 1990 sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, Gada da Gulbin Maraɗi na cikin kwaruruka huɗu da aka ambata da suna. Abin da masunci ke bukata daga wannan yarjejeniya ƙarami ne a baki, babba a aiki: a san lokacin da za a saki ruwa, a san yawansa, a yi la'akari da lokacin ƙwan kifi, a kuma sanar da na ƙasa kafin a buɗe. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda fadamarsu ta koma bayan madatsun Tiga a 1974 da Calawa a 1992, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, su da noma suka ja baya, sai da aka koma ana zama tsakanin na sama da na ƙasa.

Inda Madarunfa ta fi masu ramukan kwal sa'a shi ne, maganin yashi ba ya bukatar matatar biliyoyi, kuma a wannan jiha aka gano shi. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, manoman Maraɗi, tare da wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, suka koma ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin gonaki. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Sassaben zamani ke nan. Gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka sake yin kore a kudancin Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma ƙasashe da dama sun zo sun koya. A jihar Tawa, aikin Keita da aka fara a 1984 ya nuna abin da jeren duwatsu da ƙananan madatsai ke yi wa kwazazzabo, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Ga ramukan rabin-wata, ga na tassa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage gudun ruwa, ya sa shi ya nutse a inda ya sauka, ya bar ƙasar a gonar mai ita.

Manomin Gabi da ya bar gawo a gonarsa don hatsinsa ya bari, bai yi don kifi ba. Amma masunci ya ci riba. Makiyayin da aka buɗe masa burtali ya samu hanya, tafki kuma ya samu sauƙin laka. Mai sayar da itace a kasuwannin karkara na dajin Baban Rafi, in ya bi ƙa'idar yanka, shekara mai zuwa zai samu abin yanka, Gulbin Gabi kuma zai zo da ruwa mai ɗan haske. Wannan ne ya sa haɗin gwiwa yake yiwuwa: ba a roƙon kowa ya yi sadaka, kowa yana da nasa a ciki. Wanda ya fi kowa bukatar a haɗu shi ne na ƙarshen layi, wanda duk abin da aka yi a sama a kansa yake sauka. Shi ya sa ya kamata a ga masunci a taron komitin filaye na Kofo, a gan shi ranar haƙa rabin-wata, ko da gonar ba tasa ba ce kuma tafiyar rabin yini ce daga jirginsa.

Akwai cikas, kuma ba ƙarami ba. Ƙauyukan kan iyaka, inda ya fi kamata a yi wannan aiki, su ne ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addaba a ƴan shekarun nan. Manomin da ke tsoron kwana a gidansa ba ya tunanin kwazazzabo. Rufe iyaka da aka yi a 2019 da 2023 ya kuma sanyaya zumuncin hukumomi. Sannan akwai tsohuwar cutar furoje: a zo da mota da allo, a biya mutane su haƙa, shekara uku kuɗi su ƙare, ramukan su cike, kowa ya watse. Ƙungiyoyin Amurka da aka ambata sun daɗe ne don mazauna wurin ne suka kafa su, tallafi ya zo ya same su a kan aiki.

Masunta ma suna da nasu nauyin, kuma gara a faɗe shi a gabansu. Wanda ke jan taru mai ƙananan idanu, ko ya mai da gidan sauro abin su, yana kwashe kifin da bai kai ya yi ƙwai ko sau ɗaya ba. Ba zai je Gabi ya ce wa manomi ya bar itace ba alhali shi bai bar ɗan kifi ba. Dokar su ta hana kayan da ke halaka kifi, amma tun kafin doka akwai Sarkin Ruwa, akwai al'adar rufe ruwa da buɗe shi. A Argungu, inda bikin su ya samo asali tun 1934 kuma UNESCO ta karrama shi a 2016, abin da ke sa a ga manyan kifaye ranar biki shi ne an hana taɓa ruwan Matan Fada sauran watannin shekara. Rufe tafki a watannin ƙwai yana da zafi ga mai iyali, shi ya sa dole a haɗa shi da abin da zai riƙe gida: aikin gyaran ƙasa da ake biya a daidai wannan lokaci, ko lambu, ko bashi marar nauyi ga mata masu banda, waɗanda su ma kasuwarsu ke tsayawa in an rufe.

Wani aiki kuma babu mai iya shi sai masunci. A Fensilbaniya masu fatsa ne ke ɗibar ruwa suna aunawa wata-wata, kuma da waɗannan alƙaluma suke zuwa gaban hukuma. A nan, sanda mai zane da aka kafa a wurare uku ko huɗu cikin tafki, da littafi ɗaya a hannun wani ɗan masunci da ya yi lakkwal, sun isa a rubuta zurfin ruwa duk mako, da ranar da cika ta iso, da irin kifin da aka sauke da nauyinsa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana nan Maraɗi, malamanta da ɗalibanta suna bukatar irin wannan rubutu, masunta kuma suna bukatar wanda zai juya shi ya zama hujja. Bayan shekara biyar, wakilin Madarunfa da zai zauna da na Jibiya, ko da masu ba da tallafi, zai iya buɗe littafi ya nuna shekarar da ruwa ya makara da abin da aka rasa a cikinta, ya kuma nuna ko rabin-watan da aka haƙa a sama sun rage lakar da ke shigowa.

 Sarkin Ruwa da dattawan su, ku ne za ku fara magana, domin akwai tambayar da ku kaɗai ke da amsarta: a wace kusurwa ce tafkin ya fi cikewa, kuma ta wace hanya yashin yake shigowa.